Ki Ƙara Sa 1.35

Lahadi, 2 ga wata

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. Na ce ɗana, kuma ban janye ba. Mahaifina ƙanin kakanka ne, saboda haka ko da wata bakwai kacal na girme ka, gwaggonka ce ni, kuma da muryar gwaggo za ka karanta takardar nan. Ina fata kana lafiya a can kan dutsen da kuke kafa ƙarfen sabis, ku da ba ku da sabis ɗin ko na aiko da gaisuwa. Direban da ke kai muku kaya ya ce Litinin yake tafiya, Alhamis yake dawowa, don haka ba ka da uzurin yin shiru. Na leƙa Ummanka shekaranjiya, jinin ya sauka, tana shan magani. Baba ma an cire masa bandejin ido, har ya fara hango ƙura a inda na share.

Ga albishir. Ƙungiyar tsofaffin malamai za ta gina ɗakin karatu, kuma mu biyu aka ce mu kawo zane: ni da ofishin da na baro, inda na yi shekara shida ina zane ana sa sunan wani a ƙasa. Za su zauna ranar Asabar, 5 ga watan gobe. Shugabansu ya ce su ba sa gane layuka a takarda, bidiyo suke so, wanda zai ɗauko su daga ƙofar waje, ya ratsa fili, ya shigar da su har cikin zauren karatu. Wannan ne aiki na farko da zai fita da sunana. In na same shi na tsaya da ƙafata, in na rasa kuwa ban san da wane ido zan kalli mutanen ofishin can ba.

Yanzu ga abin da ya ɓata min rai. Ranar da ka haɗa min kwamfutar nan ka cika ni da baki, wai ka matsa mata tana gudun da ya wuce na haihuwarta. Ka nuna min ram ɗin nan biyu masu kama da matsefi, ka ce su ne ƙwaƙwalwar aikinta, ka nuna min kwalinsu inda aka rubuta gudunsu, 3200. To, na duba da idona, rabi suke ba ni. Rabi! Na gama zane, na ce ta haɗa bidiyo, ta ce wai kwana shida za ta yi. Da gudunta cikakke ne ai kwana uku ne. Ko mai shago ya yi maka sakiyar da ba ruwa, ko kai ka yi min. Ka zaɓi ɗaya, ka kuma rubuto min yadda zan gyara.

Gwaggonka

Talata, 4 ga wata

Gwaggo ƙarama,

Na amsa sallama, na kuma rusuna daidai na wata bakwai, ba ƙari. Lafiyata ƙalau, sai dai iskar nan ta fasa min leɓe. Na gode da kika duba Umma. Ki gaishe min da Kaka, ki ce ya yi a hankali da sabon idon kada ya gano abin da zai sa ki gudu daga gidan. Na yi murna da aikin nan ƙwarai, kin daɗe da cancantarsa.

Amma maganar sakiya ta yi min zafi. Yini guda na yi ina gwada ram ɗin nan kafin na miƙa miki, ko tari ba su yi ba. Abin da nake zato shi ne an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, sai ta tsorata ta koma saitin da aka haife ta da shi. Suna yin haka. Ga abin da za ki yi, bi da bi.

Ki kashe ta, ki zare wayarta daga bango, ki buɗe murfin gefe. Ki taɓa ƙarfen akwatin kafin ki taɓa komai a ciki. Ramukan ram huɗu ne. In kin ƙirga daga wajen babbar fanka, naki suna na biyu da na huɗu. Ki danna kowanne har ki ji ya ce ƙas. Sai ki kunna, ki yi ta danna maɓallin gogewa har shafin saiti ya fito, wanda muke kira bayos. Ki zaɓi tsari na ɗaya. Ki ga gudu yana kan 3200. A layin wutar ram ki ƙara sa 1.35. Ki ajiye, ki fita.

Kuma lissafinki na kwana uku ki ajiye shi gefe, ba haka abin yake tafiya ba. Kwana shida ai ba komai ba ne, kina da fiye da wata. Sannan don Allah ki cire wannan mayafin leshi da kike lulluɓa mata. Numfashi take yi ta sama, ba teburin falo ba ce.

Ɗanki, bisa tilas

Lahadi, 9 ga wata

Kai,

Gaisuwa dai wajibi ce, to na gaishe ka. Kowa lafiya a gida, ban da ni, ban da kwamfutar da ka kashe min.

Na bi takardarka layi-layi, yatsana a kan rubutun nan naka mai kama da tonon kaji. Na taɓa ƙarfe, na danna, sun ce ƙas. Na shiga bayos ɗinka. Da na zo layin wuta sai na tarar da 1.35 zaune a wurin tun kafin in taɓa. Na sake karanta abin da ka rubuta: ki ƙara sa 1.35. Na ce to, ga 1.35 nan, ya ce a ƙara shi da 1.35, ya zama 2.70 ke nan. Na fara ƙarawa, lambar ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ja, da ta kai 2.00 ta yi ƙememe ta ƙi gaba. Har haushinta na ji, na ce ita ma rowa za ta yi min. Na ajiye, na fita.

Ta tashi, ta fara aiki, har na ɗora ruwan shayi ina sa maka albarka. Ban kai ga zuba sukari ba na ji wani ƙauri kamar an manta dutsen guga a kan roba. Fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi. Yanzu in na kunna, fankoki su yi ta juyi, ta ce ƙii sau uku, shi ke nan. Tun Juma'a nake kunnawa ina kashewa.

Duk zanena yana cikinta. Wata biyu na aiki, kowace taga, kowace kujera. Kai ka san ban iya komai a cikin nan ba sai abin da ka ce, shi ya sa na bi maganarka ido rufe. Da wani ne a kasuwa ya ce in ƙara wuta da na yi masa tambaya goma. Raina ya ɓaci da kai fiye da yadda takarda za ta ɗauka, kuma tsoro nake ji. Leshin na cire tun ranar, kada ma ka soma laɓewa a bayansa.

Alhamis ina bakin garejin direba.

Gwaggonka, wadda ka cuta

Lahadi, 23 ga wata

Ɗana, in har yanzu kana amsa sunan,

Muna lafiya. Ummanka na tambayarka, na ce mata kana can kana hutawa.

Alhamis biyu ke nan ina zuwa gareji ina dawowa hannu rabbana. Sun ce ruwa ya cinye hanya. Wataƙila gaskiya ne. Amma na san ka tun kana ɓuya a bayan ƙofa in ka fasa kofi, kuma shirun nan ya yi kama da wancan.

Da na gaji na rungumi kwamfutar a kan cinyata na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ko murfin bai buɗe ba, ya latsa, ya ji ƙii uku, ya ce, “Hajiya, wannan sai an wanke ta gaba ɗaya.” Na ce a wanke me? Ya ce komai da ke ciki, a zuba sabo. Na ce, “Malam, in ka wanke ta, ni ma sai ka haɗa da ni.” Na sure kayata na fito, yana bina da cewa ai mata ba sa jin shawara.

Jiya na haɗu da tsohon maigidana na ofis a bakin titi. Ya yi murmushi ya ce, “Yaya aiki? In kina buƙatar na'ura ki zo ki yi a namu.” In kai masa zanena har cikin ofishinsa! Na ce na gode, tawa lafiyarta ƙalau. Ka sa na yi ƙarya a tsakiyar titi da girmana. Saura kwana goma sha uku.

Gwaggonka

Talata, 25 ga wata

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, kuma ba hutawa nake ba. Gada ce ta karye, mako biyu muna raba abinci da cokali. Takardunki biyu tare suka iso jiya, na karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da na zauna.

Ki ƙara sa! Ki sake sawa! Ki maimaita! In Umma ta ce ki ƙara kiran wance, sai ki kira mutum biyu? Ina na rubuta a ƙara masa? Wane mahaukaci ne zai ce a ba ram 2.70? Na'ura ta yi miki ruwan ɗorawa, ta yi miki ja, ta riƙe hannunki a 2.00, duk ba ki ji ba, sai ni da nake kan dutse ne mai laifi. Kuma har ki ce na ɓuya a bayan ƙofa. Wannan ta fi komai ƙona min rai, domin kofin da kike magana ke kika fasa shi, ni na sha dukan.

To, faɗa ba zai tashe ta ba. Zanenki yana nan, ba a cikin ram yake zama ba, yana kan faifan ajiya, kuma wuta ba ta je can ba. Kin kyauta da kika ƙwace ta daga hannun mai wankin nan. Ki zare waya daga bango. A kan babban allon ciki akwai ɗan batir mai faɗin maɓallin kwat. Ki ciro shi, ki jira minti biyar, ki mayar. Wannan zai sa ta manta duk abin da kika gaya mata. Sai ki cire ram ɗaya, ki bar ɗaya a rami na biyu, ki kunna. In ta yi ƙii, ki musanya. Ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba. In ta tashi, kada ki taɓa layin wuta. Na ja layi biyu a ƙarƙashin kada, ki duba.

Amma akwai abin da ya tsaya min a wuya. Kin ce kin tarar da 1.35 a wurin. In haka ne, saitina bai goge ba ke nan. To a ina kika ga rabin nan? Wace lamba ce, kuma a wane shafi? Ki rubuto min lambar kanta, ba fassararki ba.

Ɗanki, wanda bai kashe komai ba

Lahadi, 30 ga wata

Ɗana,

Gaisuwa. Na ji batun gada, Allah ya kiyaye gaba. Maganar bayan ƙofa na janye rabinta. Baba ya ce a gaya maka idon yana ƙara washewa.

Ta tashi. Na cire batir, na gwada ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce ga garinku nan, har gefensa ya yi baƙi. Na biyu yana da rai. Zanena na nan cif, da na gan shi sai da na kifa kaina a tebur na yi kuka. Amma da ram ɗaya tafiyar hawainiya take yi. Na sa ta haɗa bidiyon tun safiyar Juma'a, ta ce kwana goma sha biyu. Ni kuwa takwas gare ni daga ranar. Na zaga shaguna huɗu neman irinsa, kowa ya ce sai an yi oda, mako biyu.

Kada kuma ka ɗauka na sallama maka a kan Hausa. Na kai takardarka wa mutum uku, na rufe sama da ƙasa, na ce su karanta layin nan kawai. Telan da ke ƙasan benenmu ya ce ƙari ne. Mai kemis ta ce ƙari ne, kuma ita kullum da awo take aiki. Malamar makarantar da ke maƙwabtaka da mu ce kaɗai ta ce maimaitawa ne, ita ma sai da ta karanta sau uku. Kalmar sake tana nan kyauta, ba a sayar da ita, me ya hana ka rubuta ta? Ka san da wadda kake magana. Wanda ya sani shi ke da nauyin yin bayani yadda wanda bai sani ba ba zai faɗa rami ba.

Lambar da kake tambaya 1600 ce. Wata 'yar manhaja na sauke mai nuna kayan cikin na'ura, a shafin ram ta rubuta 1600 ƙarara. Kwali ya ce 3200. Ko ni da ban yi karatun waya ba na iya raba lamba biyu.

Gwaggonka

Talata, 1 ga sabon wata

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ki zauna kafin ki ci gaba.

1600 ɗin nan shi ne 3200. Irin wannan ram a kowane bugu sau biyu yake aika saƙo. Manhajar bugun take ƙirgawa, kwali kuma saƙon yake ƙirgawa. Kamar mai ƙirga takun mutum ne yana kallon ƙafar dama kaɗai. Ranar da kika rubuto min takardar farko, kwamfutarki lafiyarta ƙalau, tana gudunta cikakke. Babu abin da ya lalace. Da kin bar ta, da tun 8 ga watan jiya bidiyonki yana hannu.

Na fita bayan tanti na yi ta zagaye ina surutu ni kaɗai, har abokan aiki suka zo tambaya ko rasuwa aka yi. Haushinki nake ji, da kika ga lamba ɗaya kika yanke wa mutum hukuncin cuta. Amma haushin kaina ya fi. Kin ce rabi, na ɗauka zuzutawarki ce ta kullum, ban tambaye ki lamba ba. Aikina ke nan, abin da nake koya wa sababbin ma'aikata ke nan: kada ka ba da magani sai ka ga lambar da idonka. Na tsaya kare kaina daga maganar sakiya, na rubuto miki gyaran abin da bai ɓaci ba. Kuma gaskiyarki a abu ɗaya, da na rubuta sake.

Ga abin da ya rage. Wannan takarda za ta same ki Alhamis. Ki wuce wurin Umma kai tsaye, ki ce ta ba ki makullin ɗakina. Kwamfutata tana ƙarƙashin tebur, wadda na ce ko ƙura ba a yarda a share mata ba. Ram ɗinta irin naki ne sak. Ki ciro duka biyun. Ki dakatar da bidiyon, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ki cire naki, ki sa nawa a rami na biyu da na huɗu, ki zaɓi tsari na ɗaya, shi zai saita wutar da kansa. In kin ga 1600, ki yi masa sannu ki wuce.

Na yi lissafi sau uku, bai kai ba. Amma ki gwada, wataƙila na yi kuskure, tunda na saba.

Ɗanki

Lahadi, 6 ga wata

Ɗana,

Sallama. Muna lafiya. Ummanka ta kalli fuskata kawai ta ba ni makullin. Ɗakinka kuma yana buƙatar shara, na faɗa ne don kada ka ce ban gani ba.

Ba ka yi kuskure ba. Na sa naka, ta ɗauki gudu, na ga 1600 na kau da kai. Jiya da safe, da lokacin tafiya ya yi, ta haɗa kashi huɗu cikin biyar. Na kwashe abin da ya samu na bar ta tana aiki.

Su tara ne a zaune, kowa da tabarau. Ofishin can suka fara, nasu ya tafi sumul daga farko har ƙarshe, gini kamar akwatin takalmi, taga a inda rana za ta dafa mai karatu. Na san zanen, irinsa na yi musu sau biyar. Sai nawa. Aka shiga ƙofar waje, aka ratsa fili, aka bi ta ƙarƙashin bishiyoyi, wata tsohuwar malama har ta ce kai, masha Allah. Aka hau baranda, aka iso ƙofar zauren karatu, ƙofar ta fara buɗewa. Nan ya tsaya.

Shugaban ya jira, ya ɗauka na'urar ce ta maƙale. Na ce iyakarsa ke nan, ga cikin a takarda, in kuma sun ba ni kwana ɗaya zan kawo sauran. Ya juya takardun sama da ƙasa, ya ce, “'Yata, waje ya yi kyau. Amma mu a ciki za mu zauna, kuma yau muka yi alkawarin yanke magana.” Bakwai suka ɗaga wa ofishin can hannu. Tsohon maigidana ya riƙe min ƙofa da zan fita.

Na so in rubuto maka takarda mai zafi, har na fara, na yaga. Wa zan zaga? Kai ka rubuta kalma mai fuska biyu, ni na ga ja na ci gaba da dannawa. Har yanzu raina a ɓace yake, ban dai san inda zan ajiye ɓacin ba. Kuma har gobe ina nan a kan bakana, ƙari ka rubuta.

Ɗazu da azahar ta gama. Na ja kujera na kalla ni kaɗai. Ƙofar ta buɗe har ƙarshe. Hasken yana saukowa daga tagogin sama a kan teburan, bai taɓa idon kowa ba, daidai yadda na yi wata biyu ina aunawa. Akwai ƙananan kujeru a kusurwa, akwai wurin da mai keken guragu zai juya ba tare da ya roƙi kowa ya matsa ba. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Na sa shi a filas, yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe da takarda don kada direba ya yar. Ka nemi na'ura a wurin aikinku ka kalla, kuma ka kalla har ƙarshe. Ni da kai ne kaɗai za mu taɓa shiga ɗakin nan.

Gwaggonka